Fayyace nau'i da sauya nau'i a cikin harshen Ada

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba wata matsala da takan rikita masu koyon Ada, harshen tsara aikin kwamfuta wanda Jean Ichbiah da abokan aikinsa na Faransa suka ƙirƙiro wa ma'aikatar tsaron Amurka, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a 1983. Ada yana da tsanani wajen nau'i: kowace ƙima tana da nau'inta, kuma mai fassara, watau tsarin da ke mai da rubutunmu zuwa harshen na'ura, ba ya yarda a cakuɗa su.

Akwai rubutu biyu da suka yi kama ƙwarai, T(X) da T'(X). Ƴar waƙafin sama ce kaɗai ta raba su. Na farko sauya nau'i ne, na biyu fayyace nau'i.

Sauyawa tana taɓa ƙimar kanta. Integer(2.7) yana ba da 3, domin Ada yana kai lamba ga cikakkiyar lambar da ta fi kusa, ba ya yanke ta yadda harshen C yake yi. Fayyacewa kuwa ba ta canza komi. Sanar da mai fassara kawai take yi cewa ƙimar nan nau'i kaza ce tun asali. Saboda haka Integer'(2.7) kuskure ne, mai fassara zai ƙi shi.

To ina amfaninta? Mu ɗauki nau'i biyu:

type Launi is (Ja, Fari, Baki);
type Fitila is (Ja, Rawaya, Tsanwa);

Idan akwai umurni mai suna Nuna ga kowannensu, Nuna(Ja) yana da harshen damo. Nuna(Launi'(Ja)) ya warware zancen. Ɗalibi yakan manta waƙafin ya rubuta Nuna(Launi(Ja)), sai a ƙi masa, domin sauyawa tana bukatar a san nau'in abin da ke cikin baka tun kafin a sauya shi, alhali shi ne ba a sani ba. Haka kuma new Integer'(5) ba ya yiwuwa sai da waƙafin.

A ganinmu haɗari ya fi yawa wajen sauyawa, tun da mai fassara yakan amince da ita, kuskuren kuwa sai na'ura tana cikin aiki yake fitowa. Ranar 4 ga Yuni 1996, roka Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan an kunna ta a Kourou. Kwamitin bincike da Jacques-Louis Lions ya shugabanta ya gano cewa wani tsari na Ada, gadon Ariane 4, ya sauya lamba mai bit 64 zuwa cikakkiyar lamba mai bit 16, wadda ba ta ɗaukar fiye da 32767. Gudun sabuwar rokar ya sa ƙimar ta wuce iyaka, ba a kuma tanadi kariya ga wannan sauyawar ba, sai kwamfutocin jagora biyu, babbar da mai jiran gado, suka tsaya.