Tasirin Isturojin a kan Samuwar Naitirik Okisaid a Ƙwaƙwalwa Mai Tasowa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda sinadarin isturojin ke sarrafa samuwar iskar naitirik okisaid a ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. A 1988 Garthwaite da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna sakin wannan iska, sa'an nan a 1990 Bredt da Snyder suka tsamo inzayim ɗin da ke ƙera ta daga ajinin, wanda ake kira nNOS. Iskar ba ta ajiyuwa, cikin 'yan daƙiƙu take watsewa. Saboda haka duk abin da ya mallaki inzayim ɗin, shi ke riƙe da saƙon.

Ta hanya biyu isturojin ke yin wannan aiki. Ta farko mai jinkiri ce: yakan shiga cibiyar ƙwaya, ya sa a ƙara ƙera nNOS a wasu sassan haifotalamas. Ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ban sha'awa, ba ta bukatar sabon inzayim. Wanda ke nan shi ake zaburarwa, a liƙa masa fosfet, a kuma kusanto da shi bakin ƙofar da kalsiyam ke shigowa, wato makarɓar NMDA. Da ma nNOS ba ya motsi sai da kalsiyam.

Muhimmancin wannan yakan fito a makonnin farko bayan haihuwa, lokacin da sinadaran haihuwa ke yunƙurowa na ɗan lokaci kafin su lafa, abin da masana ke kira ƙaramar balaga. A nan iskar ce linzamin ƙwayoyin GnRH, masu tada balaga. A 2022 ƙungiyar Prevot ta birnin Lille a Faransa ta ba da rahoton cewa ɓerayen da ba su da nNOS, yunƙurin kan wuce kima, balagarsu ta gurgunce, ji da sansana da koyo su raunana. Da aka shaƙa musu iskar a wannan ɗan tsakani, sai matsalolin suka gyaru.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. A jinin tayin ɓera akwai furotin alfa-fitofurotin mai kama isturojin ya hana shi isa ƙwaƙwalwar mace, alhali na ɗan Adam bai cika kama shi ba. Wajibi ne likitocin da ke kula da bakwaini su riƙe wannan bambanci kafin a ɗora magani a kan sakamakon ɓeraye.