Maganin Firgita Ta Hanyar Motsa Ido: Sahihi da Baɗili

Tun da fitinar 'yan bindiga ta addabi ƙasar Zamfara, daga Shinkafi zuwa Zurmi har Ƙauran Namoda, aka sami bayin Allah masu yawa waɗanda suka tsira da rayukansu amma firgita ta zauna musu a zuci, wani ƙarar babur kaɗai ke zaburar da shi tsakar dare, wata kuwa ba ta runtsa ido face ta sake ganin abin da ta gani ranar hari. Cikin wannan hali ne labarin wani magani mai suna EMDR ya shiga bakin jama'a, an cakuɗa gaskiyarsa da ƙarya.

Abin da ya inganta shi ne, wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan'adam, Francine Shapiro, ita ta assasa shi a 1987, ta buga bincikenta na farko a 1989, kana a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da ta aminta da su wajen jinyar wanda musiba ta bar wa firgita. Sifarsa kuwa, mai magani kan umurci majiyyaci ya halarto da hoton abin da ya same shi, alhali idonsa na bin yatsun mai maganin dama da hagu na ɗan lokaci, sa'an nan a dakata a tambaye shi abin da ya ɗarsu a ransa, a sake, har zafin ya ragu. Hujjar da ta fi rinjaye kan yadda yake aiki ita ce, hankali ba ya iya ɗaukar ayyuka biyu masu nauyi gaba ɗaya, saboda haka hoton kan dusashe. Sai dai akwai saɓani tsakanin masana, wasu na ganin tunkarar abin tsoron a gaban amintacce shi ne asalin waraka, motsin ido ƙari ne.

Amma faɗar da ake yi wai sihiri ne ko wani nau'in tsibbu, wannan baɗili ne, domin majiyyaci na farke, da hankalinsa, yana da ikon cewa a tsaya. Haka nan ba ya shafe tunani: mutum zai tuna an kashe ɗan'uwansa, illa dai tunawar ba za ta riƙa shaƙe shi ba. Zama guda ma ba ya wadatarwa, don matakansa takwas ne.

Mafi haɗari a ganina shi ne zaton mutum zai iya yi wa kansa ta kallon bidiyo a waya, domin ƙwararre ba ya taɓa wannan miki sai ya fara koya wa majiyyaci yadda zai kwantar da hankalinsa, balle ga wanda har yau yake kwana cikin fargabar hari. Wanda firgita ta hana shi barci da sana'a, sai ya fara da likita a asibiti mafi kusa, wanda zai iya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato.