Tambayar da kwamfuta ke yi kafin aiki ya salwanta

A shagunan buga takardu na Kazaure, musamman lokacin da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu ke rububin kammala furojet, akwai wani ɗan akwati da ke fitowa a fuskar kwamfuta sau da yawa a yini, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya karanta shi. Shi ne wanda manhajar Word ke nunawa idan an zo rufe takarda: a adana gyaran da aka yi, ko a bar shi ya tafi? Mutumin da ya taso daga Achilafiya ko Gwiwa da yarjejeniyar cinikin gona bai san da wannan akwati ba, alhali wahalar awa biyu na iya tafiya a dannawa guda.

Laifin ba na mai bugu ba ne kaɗai. Jef Raskin, wanda ya fara aikin kwamfutar Macintosh a kamfanin Apple, ya bayyana a littafinsa na 2000 cewa duk tambayar da ake maimaitawa kullum, hannu ke haddace amsarta, hankali ya fita sha'aninta. Kamar gaisuwa ce: ana cewa "ina kwana", baki ya riga ya ce "lafiya lau", ko da mutum ya kwana da zazzaɓi. Ɗansa Aza Raskin ya ƙara a 2007 cewa inda duk za a iya bai wa mutum damar janye abin da ya yi, to ba a bukatar gargaɗi. Wannan ne tunanin da ya sa Gmail ke riƙe wasiƙa na daƙiƙa 5 zuwa 30 bayan an aika, ko mai ita zai canza shawara.

Ina goyon bayan wannan ra'ayi, amma ba har ƙarshensa ba, domin akwai wurin da na'ura ba ta da abin yi sai ta tambaya, kuma rubutun Hausa ya fi kowa sanin wurin. Yawancin madannan da ke shagunanmu ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Don haka mai bugu kan rubuta komai da haruffa marasa lanƙwasa, in ya gama ya umarci manhaja ta nemo "kafa" ta mayar "ƙafa". Idan ya zaɓi a sauya duka a lokaci guda, jimlar "an kafa makarantar a 1991" ta lalace ke nan. Haka "kasa" da "ƙasa", haka "bata" da "ɓata". Kuma ba lallai ya lura ba sai takarda ta fito daga firinta, an riga an biya kuɗi. A nan tambaya ɗaya bayan ɗaya ita ce daidai, a nuna kalmar cikin jimlarta, mutum ya yanke hukunci. Word na da maɓallin sauya ɗaya-ɗaya a gefen na sauya duka. A manhajar Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ƙara harafin c a ƙarshen umarnin sauyawa ya isa ya sa ta tsaya a kan kowace kalma.

Wasu manhajojin sun bar wa mai aiki ya daidaita nauyin tambayar da kansa. Emacs kan tilasta a rubuta cikakkiyar kalmar amincewa idan abin da za a yi mai haɗari ne, harafi ɗaya kuma ya wadatar a ƙananan abubuwa. Daga fitowarta ta 28 a 2022 an sa hanyar gajarta su duka, abin da ni ba zan shawarci kowa da shi ba. A Word kuwa, gyaran da ya fi amfani gare mu shi ne na adanawa ta atomatik, wadda ke zuwa a kan minti 10. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, kuma janareta na iya mutuwa tsakiyar shafi, a rage shi zuwa minti 2.

Kazaure na da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, kuma daga cikin matasan da take yayewa za a samu masu rubuta manhaja da Hausa. Su nake roƙo kada su kwafo "Ka tabbata?" da "E" da "A'a". Tambayar ta ambaci sunan takardar da abin da za a rasa: "A rufe Yarjejeniyar Gona? Ba a adana gyaran minti 40 ba." Maɓallan su faɗi aikinsu: Adana, Rufe haka, Koma aiki. Maɓallin da ke goge aiki ya yi nesa da wanda yatsa ya saba faɗawa. Kuma a yi amfani da "a rufe", "a goge", maimakon "kana so", tunda wadda ke zaune gaban kwamfutar a shagon tana iya kasancewa mace ce.