Ba Nauyi Kaɗai Ke Kifar da Jirgi Ba

Duk wanda ya taɓa jiran mota a garejin Television da ke Kaduna ya ga yadda ake lodi: buhunan masara a ƙasa, katifu da robobi a sama. Kwandasta bai karanta kimiyya ba, amma ya san motar da aka ɗora wa nauyi a ka, wurin shan kwana take kwantawa. Haka abin yake ga jirgin ruwa a Kogin Kaduna, sai dai ruwa ba ya jiran kwana.

Ruwa yana tura jirgi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da jirgin ya ture. Idan jirgi ya karkata, ɓangaren da ya ƙara nutsewa shi ruwan ya fi turawa, sai ya miƙe da kansa. Wannan kuwa muddin nauyin yana ƙasa ne. Da zarar an jibga babura a kan buhuna, fasinjoji suka miƙe tsaye, cibiyar nauyi ta hau sama, ƙarfin miƙewar ya ragu. Igiyar ruwa ta ɗan taɓa shi, tsoro ya kora kowa gefe guda, shi ke nan.

Abin da aka fi rainawa shi ne ruwan da ya tsiyayo ciki. Ɗauki daro rabin cike a ka, ka yi taku goma. Duk inda ka karkata, can ruwan zai ruga ya ƙara rinjayarka. Direbobin tanka ma sun fi tsoron rabin lodi a kan cikakke. Shi ya sa yaron nan mai kwarfe ruwa da gwangwani, wanda ba a ko kallonsa, nake ganin aikinsa bai gaza na matuƙi ba.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwalekwalen da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar ruwa ta Watari a jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. An ɗora laifin a kan yawan lodi.

A Ingila, tun 1876, bayan fafutukar Samuel Plimsoll, doka ta tilasta a shata layi a jikin jiragen kaya. Har yau manyan jirage suna ɗauke da shi, idan ruwa ya shafe layin, lodi ya wuce ƙa'ida. Kwalekwalen katakonmu kuwa gejinsa idon matuƙi ne, shi kuma da yawan kawuna ake biyansa.