Daga Gyaɗa Zuwa Yuraniyom Zuwa Fetur: Me Ya Hana Giɓin Cinikin Nijar Cikewa?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa a cikin watan Afrilu, tun kafin ya shiga Galmi hancinsa zai sanar da shi inda ya iso. Albasa ce tuli-tuli a bakin titi, ja mai ɗaukar ido, wadda sunan garin ya bi ta har kasuwannin Akra da Abijan. 'Yan dako na ɗura ta a buhu har ya yi tozo, su ɗinke bakin, mutum huɗu su kama su cilla a tirela. Dillali na gefe yana ƙirga buhuna yana lissafin la'adarsa. Manomi kuwa yana tsaye yana jiran abin da zai biya bashin taki da na man injin ban-ruwa.

Bayan 'yan makonni tirelar za ta dawo daga bakin teku ɗauke da shinkafar Indiya ko ta Tailan, da jarkokin man girki, da taliya, da sukari. Kayan da ta kai an sallama su a lokacin da suka fi araha a shekara. Kayan da ta kawo kuwa, ban da kuɗinsu na asali, an biya musu kuɗin jirgin ruwa da na tashar jirgi da na doguwar hanya. Wanda ya fahimci tafiya da dawowar wannan mota ya fahimci rabin matsalar cinikin Jamhuriyar Nijar da ƙasashen waje.

Masana tattalin arziki na kiran wannan lissafi ma'aunin ciniki. A ɗora kuɗin duk abin da ƙasa ta sayar a waje cikin shekara a hannu ɗaya, a ɗora na abin da ta sayo a ɗaya hannun. In na sayarwa ya rinjaya an samu rara, in na saye ya rinjaya an samu giɓi. Nijar ta shafe shekaru da dama tana cikin giɓi, a wasu shekarun ma abin da ta sayo kan ninka abin da ta sayar. Giɓin ƙasa kuma kamar na maigida ne, dole a cike shi ta wata hanya: bashi, ko taimakon ƙasashen waje, ko jarin baƙi, ko abin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Najeriya da Gana da Kwadibuwa da Libiya.

Haja ɗaya a kan faifai

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, gyaɗa ce ke riƙe da ita. Manoman Maraɗi da Damagaram ke nomawa, a auna a kai bakin teku, mafi yawa ta hanyar jirgin ƙasan Kano, daga can sai Faransa. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don ya riƙa saye da fitar da ita. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, manoma da yawa suka koma wa gero da wake.

Ana cikin haka yuraniyom ya karɓi ragama. An gano shi a Azelik a 1957, kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, na COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a tsakiyar shekarun 1970, har wannan ma'adini shi kaɗai ya zarce kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje. Gwamnatin Seyni Kunce ta shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, ta gina manyan benaye a Yamai, ta kuma ci bashi da zaton kasuwa za ta ɗore. A 1981 an haƙo fiye da tan 4,000. Amma tun bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979 masu saye suka fara ja da baya, farashi ya faɗi, bashi ya tsaya cak. Zuwa 1983 Nijar ta ƙwanƙwasa ƙofar Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

An sake maimaita wannan darasi daga baya. A 2007 laba ɗaya ta yuraniyom ta haura dala 130 a kasuwar duniya. Bayan hatsarin Fukushima na Japan a 2011 ta yi ta gangarowa, har ta koma ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021, kuma a 2022 abin da ƙasar ta haƙo bai wuce tan 2,000 da 'yan kai ba. Ma'aikacin Arlit bai yi lalaci ba, ƙasar ma ba ta yi wani laifi ba. Farashi ne da ake yanke shi a inda ba ta da kujera.

Akwai kuma abin da alƙaluman fitar da kaya ke ɓoyewa. Idan aka rubuta cewa an fitar da yuraniyom na biliyan kaza, ba duka kuɗin ke kwana a Yamai ba. A SOMAÏR, kafin gwamnati ta ƙwace shi a watan Yunin 2025, kamfanin Orano na Faransa ke da kusan kashi 63 cikin 100, Nijar na da kusan 37. Injuna da sinadaran da ake wanke ma'adinin da su daga waje ake sayo su, wato suna shiga ɓangaren saye. Kafin a rufe iyakar Benin a 2023, garin ma'adinin da aka zuba a durom-durom kan yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Kwatano, a kai shi Faransa a tace, can ne ake ƙara masa daraja. Shi ya sa 'yan Nijar da yawa ke cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu kuma fetur ne a kan faifai. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamban 2011, tana tace ganga 20,000 a rana. Wannan matata ta yi wa ma'aunin ciniki alheri na gaske, domin ta rage sayo tataccen mai daga waje, har ta bar rarar da ake sayar wa maƙwabta. Sai kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, wanda zai iya ɗaukar ganga 90,000 a rana. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024, kuma tun daga nan giɓin ya ragu ƙwarai. Sai dai kason gwamnati a ɗanyen man kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma tun a watan Afrilun 2024 ta karɓi dala miliyan 400 daga hannun Sinawa a matsayin kafin-alƙalami, za a biya da man da bai riga ya fita ba.

Abin da ake sayowa

A ɗaya ɓangaren ma'aunin akwai kaya iri biyu. Na farko su ne waɗanda ƙasa mai tasowa ba ta da makawa sai ta saya: injuna, motoci, magunguna, ƙarafa da kayan gini. A shekarun da ake shimfiɗa bututun Agadem giɓin ya yi faɗi sosai saboda bututu da injunan da aka shigo da su, kuma irin wannan giɓi ba abin tsoro ba ne, tunda jari ne da zai haifar da kuɗi. Na biyu su ne na tukunya, shinkafa ce kuma a gaba. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun haura miliyan 25, kuma mazauna birane sun karkata ga shinkafa saboda ta fi gero saurin dahuwa, ba ta buƙatar surfe da daka. Abin da ake nomawa a fadamun Tilaberi da Gaya, duk da filayen ban-ruwa da hukumar ONAHA ke kula da su tun 1978, bai kai rabin abin da ake ci ba. Buhun shinkafa ana cinye shi cikin wata guda, a sake neman kuɗin waje a sayo wani.

Sannan ga kuɗin hanya. Nijar ba ta da teku, tsakanin Yamai da tashar Kwatano akwai fiye da kilomita 1,000. Kuɗin dako da na inshora kan ci wani kaso mai tsoka na farashin kowane kaya, kuma akasarinsu kamfanonin waje ake biya. Wutar lantarki ma sayo ta ake yi: kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa.

Da yake Nijar na amfani da sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957, kuma ajiyar kuɗin wajenta na haɗe da ta sauran ƙasashe bakwai a babban bankin BCEAO, giɓin ba ya fitowa fili ta hanyar faɗuwar kuɗi kamar yadda ake gani a naira. Yakan ɓuya ne a cikin bashi da jiran taimako. Tsofaffi dai ba su manta watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka zaftare rabin darajar sefa dare ɗaya, farashin kayan waje ya yi sama.

Cinikin da ba ya shiga littafi

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa, tun da hantsi kara ke cika da shanu da raguna da awaki da raƙuma, da yawansu an koro su ne daga ƙasar Damagaram. Mai dabba na lissafi da jikar sefa, mai saye daga Legas ko Onica na lissafi da naira, ɗan canji na zaune a tsakani da ƙunshin kuɗi iri biyu. Haka abin yake a Ilela da Jibiya da Mai'aduwa. Wake da aya da riɗi da kanwa duk ta nan suke bi. Kaso mai yawa na wannan ciniki ba ya bi ta gaban duwan, wato kwastan, saboda haka ba ya cikin alƙaluman hukuma. Zinariyar da ake tonowa a Jado da Cibarakaten tun 2014 ita ma da yawa ta bayan fage take fita. Akwai kuma kayan da 'yan kasuwar Maraɗi ke shigowa da su da sunan Nijar, kamar shinkafa da atamfa da gwanjo, alhali Najeriya za su.

Ke nan alƙaluman hukuma na rage ƙimar abin da talaka ke fitarwa. Ma'adinai da fetur na ɗaukar mutum dubbai ne kawai aiki, noma da kiwo kuwa su ke ciyar da mafi yawan gidaje. Kuɗin rago na shiga aljihun makiyayi kai tsaye, ya sayi gero a kasuwar ƙauyensu. Rauninsa shi ne yana rataye da lafiyar naira da buɗewar iyaka. Da naira ta faɗi a 2016, haka kuma a 2023, ragon Nijar ya yi wa ɗan Najeriya tsada, makiyayi ya karya farashi ko ya koma da dabbarsa gida. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwannin Maraɗi da Ƙonni sun ji a jikinsu.

Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tona asirin kowa. An rufe gadar Gaya da Malanbil, an yanke wutar Najeriya, shinkafa da magani suka yi tsada a Yamai, albasa ta ruɓe a cikin motoci. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada. 'Yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato su ma sun tafka asara, domin ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawa suka shata.

Ina mafita?

Gyaɗa ta yi zamaninta, yuraniyom ya yi nasa, fetur ma zai yi nasa ya wuce. Sauya haja ɗaya da wata bai taɓa cike giɓin ba, yakan rufe shi ne na ɗan lokaci. Abin da zai ɗore yana cikin ayyukan da ba su da armashi a bakin 'yan siyasa. A kammala madatsar Kandaji da aka daɗe ana jira, ta ba da wuta da ruwan noman shinkafa. A sama wa manomin Galmi ma'ajiya da ta fi rudun kara, da bashi mai sauƙi, don ya riƙe albasarsa zuwa damina lokacin da buhu ke ninka kuɗinsa. A jeme fatar jar akuyar Maraɗi a gida, a gyara kilishi da cuku yadda za su shiga manyan kantuna. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai rage kuɗin dako in an gama shi. Hana fitar da hatsi kuwa, irin wanda aka yi a 2024, yakan sauƙaƙa wa ɗan birni na wata biyu ko uku, ya kashe wa manomi gwiwa a shekara mai zuwa.

Kuɗin fetur na shigowa yanzu, kuma wannan ce dama ta uku da ƙasar ta samu tun bayan samun 'yancin kai. Kira ga mahukuntan Yamai shi ne su zuba shi a ruwa da wuta da ma'ajiya tun farashi na da kyau, kira ga na Abuja da Kwatano da Yamai baki ɗaya kuma shi ne su daina mayar da iyaka bulalar siyasa. Ranar da tirelar Galmi ta fara dawowa daga bakin teku da injin sarrafa albasa maimakon buhunan shinkafa, ranar ce giɓin zai fara cikewa da gaske.