Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Tsakar Gida

Ɗakin masu tiyata na maza a wani babban asibitin gwamnati ba ya rabo da jama'a, amma a ƙarshen damina ya fi cika. Gadaje ne a jere hagu da dama, kowanne da ƙarfen rataya ruwa a gefensa. A ƙarƙashin gado za ka ga tabarma a naɗe, da buta, da fulas, da kwanon sha. Waɗannan kayan mai jinya ne, wanda zai kwana a ƙasa har ranar sallama. Gadajen da ke kusa da teburin nas-nas na waɗanda aka buɗe wa ciki ne, kuma da yawansu yara ne da samari daga ƙauyuka, waɗanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji.

Labarinsu kusan ɗaya ne. Zazzaɓi ya fara, aka ce maleriya ce, aka karɓo magani a kemis. Bai sauka ba, aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Ita kuwa ƙwayar cutar, Salmonella Typhi, tuni ta bi ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata ta shiga jiki, ta sami wurin zama a ƙarshen ƙaramin hanji tana cin bangonsa. Galibi a mako na biyu ko na uku bangon ke hujewa. Ƙazantar hanji ta zubo cikin ciki, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko taɓa shi aka yi sai yaro ya yi ƙara. Sai a lokacin ake neman mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taifot na kama mutum kusan miliyan 9 a shekara, ya kashe kimanin 110,000, kuma hujewar hanji na cikin munanan hanyoyin da yake kisa.

Kafin a shiga tiyata

Ba a isowa a wuce da mutum tiyata kai tsaye. Jikin da ya kwana biyu yana amai ya bushe, sai an yi masa ƙarin ruwa, an sa robar hanci ta zuƙe abin da ya taru a tumbi, an sa robar fitsari don a ga ko ƙoda na aiki, an fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. A wannan tsakanin uba na ta kai da komo da takarda a hannu: ruwan ƙari, zaren ɗinki, safar hannu, bandeji, kuɗin aiki. Ana buga waya gida a sayar da tunkiya ko buhun gero. Ana neman ƙane ko kawu da zai ba da jini. Daga ƙarshe a miƙo takardar sa hannu, wadda dattawa da yawa ke daɗewa suna kallonta kafin su dangwala, don a ƙauye an ɗauka wanda aka yanka wa ciki sai dai addu'a.

Aikin kansa ba ya wuce awa biyu zuwa uku. Likita zai tsaga tsakiyar ciki daga saman cibiya zuwa mara, ya bi ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, taki-taki da yatsunsa yana neman huji. In ɗaya ne, ya gyara bakinsa ya ɗinke. In suna da yawa kusa da juna, ya yanke wurin ya haɗa. In hanjin ya yi laushin da ba zai riƙe zare ba, ya fito da bakinsa ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa fita ta nan na wasu watanni. Sannan a wanke ciki da ruwan gishiri mai ɗumi, a rufe.

Kwanakin ƙishirwa

Hanjin da aka taɓa yakan yi barci na kwana biyu zuwa huɗu, kuma kafin ya farka ba ci ba sha. Wannan ne lokacin da ya fi gwada zuciyar mai jinya. Yaro zai buɗe busassun leɓɓa ya ce, "Baba, ruwa." Uban zai duba buta, ya duba teburin nas, ya jiƙa auduga ya goga masa a baki ya ce, "Yi haƙuri ɗana, likita bai ce ba tukuna." Akwai iyayen da tausayi ke rinjaya su ba da kurɓi ɗaya cikin dare, da safe robar hanci ta tona asiri.

Kowace safiya in likitoci suka zo zagaye, tambaya ɗaya ce ke bin gadaje: "Ya yi tusa?" Abin da a gida ake jin nauyin ambatonsa, nan shi ake jira, don shi ne shaidar hanji ya fara motsi. Za ka ga dattijo mai furfura yana washe baki yana ba likita labarin cewa an yi ta da asuba, har sau biyu. Hausawa na cewa tusa ba ta hura wuta, amma a wannan ɗaki ita ke sa a hura wutar dama kunu. Daga nan sai a fara da ruwa cokali-cokali, sai shayi, sai koko marar kauri.

Tun kafin haka nas ta fara tashin mara lafiya. Washegarin aiki za ta ce a zaunar da shi, jibi ya taka zuwa ƙofa yana riƙe da ledar fitsari. Masu jinya kan ga kamar mugunta ce, amma kwanciya wuri ɗaya ita ke tara majina a huhu ta zama ciwon haƙarƙari, ta kuma daskarar da jini a jijiyoyin ƙafa. Ana koya masa ya rungume matashin kai a ciki in zai yi tari.

Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, ya bi sawun marasa lafiya sama da 11,000. Ya gano cewa wanda aka yi wa tiyata a Afirka haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya, duk da cewa galibi ya fi ƙuruciya, kuma yawancin mace-macen ba a kan teburin tiyata suke faruwa ba, a kwanakin da ke biyo baya ne. Wanda ya kwana a wannan ɗaki ba zai yi mamaki ba. Nas biyu ke riƙe da shi da dare, wani lokaci da fitilar waya. Mai jinyar da ya lura numfashin ɗansa ya sauya ya je ya faɗa, ya yi aikin da na'ura ke yi a wasu wurare.

Ranar sallama

In babu tangarɗa, bayan kwana goma zuwa mako biyu ake cire zare a ba da sallama. Bayanin da ake yi a ranar gajere ne, don layi na jira: ga magani, kar ya ɗauki kaya mai nauyi, a dawo da shi bayan mako biyu. Uba ake faɗa wa. Uwar da za ta dafa abinci, ta wanke ciwo, ta tashi cikin dare, tana can gida ba ta ji ba.

Mota tana ajiye su a bakin kwalta, sauran tafiyar ta babur ce a kan hanyar da ruwa ya zaizaye. Ana sa shi a tsakiya, ɗan acaɓa a gaba, yayansa a baya ya riƙe shi, kowane rami sai ya cije leɓe. Da isa gida maƙwabta sun cika zaure. "Sannu da jiki." "Allah ya sa kaffara ne." "Ya ƙarfin jiki?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce ko yana jin ciwo, "Da sauƙi." 'Yan dubiya na zuwa da ƙwarya fura, da lemo, da 'yan kuɗi a dunƙule a tura ƙarƙashin matashi, kuma waɗannan kuɗin ne ke sayen maganin mako na biyu. Sai dai kowa na son a ɗaga riga ya ga ɗinkin, kowa kuma da maganin da ya sani.

Gidan ƙauye ba a gina shi don mai ɗinki a ciki ba. Kwanciya a kan tabarma ce ko katifa a ƙasa, tashi daga nan kuwa aikin naman ciki ne. Sai ya koyi juyawa gefe, ya dafa ƙasa da gwiwar hannu, ya miƙe a hankali. Masai na tsuguno ne. Gidan da suka yi dabara sukan huda tsohuwar kujerar roba su ɗora a kai. Salla a zaune yake yi, yana nuni da ruku'u da sujada, kuma liman ya tabbatar masa addini ya yi masa rangwame, haka ma azumi in ya riske shi a wannan hali.

Gardamar tukunya

Babbar gardamar gidan a kan abinci take. Yaro ya dawo ƙashi da fata, ƙafafu sun sirance, gashi ya yi laushi. Likita ya ce ƙwai, wake, kifi, nama, nono, awara, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, don da su jiki ke gina sabon nama. Kaka kuma ta ce ƙwai da gyaɗa na sa ciwo ya yi ruwa, miyar yauƙi na hana shi kamewa. Uwa na tsaka mai wuya: "Inna, likita fa ya ce a ba shi." "Ke 'yar nan, likita ya fi ni sanin jikana ne?" Sau da yawa kunu zalla ke yin nasara, kuma ciwon da ke samun kunu zalla yakan daɗe bai rufe ba. Gidan da aka yi sa'a, jikan ne da kansa ke raba gardamar, ranar da yunwarsa ta dawo ya ce a soya masa ƙwai.

Wankin ciwo shi ma haka. A aikin taifot ba abin mamaki ba ne ɗinki ya yi mugunya, tunda cikin da aka buɗe ya riga ya gurɓata. Abin da ake so shi ne a kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa a wanke a sa sabon bandeji. In nisa ko kuɗin babur ya hana, sai a koma fasa kafso a barbaɗa, ko a shafa man kaɗanya, ko toka. Alamomin da ba a kwana da su sanannu ne ga ma'aikatan lafiya: zazzaɓi ya dawo, amai ya ƙi tsayawa, ciki ya sake kumbura, bayan gida ya tsaya, ko ɗinki ya fara zubar da ruwa mai kama da ruwan wankin nama, wanda ke nuna ɗinkin ciki na shirin buɗewa. Amma ba kowane gida aka zaunar aka lissafa wa su ba.

Wanda aka fito wa da hanji ta gefe jarrabawarsa ta fi tsanani. Jakar da ake mannawa tana da tsada kuma ba a samunta a ƙauye, sai a koma leda da tsumma. Abin da ke fita ruwa-ruwa ne, yana cin fata, yana kuma tafiya da ruwan jiki da gishirinsa, shi ya sa ake nanata shan ruwan gishiri da sukari. Yaro kan daina fita, ya daina zuwa makaranta da masallaci. Bayan wata biyu ko uku, in ya yi ƙiba, ana sake shiga tiyata a mayar da hanjin, wato sai an sake neman kuɗi.

Kaka ta yi

Fata na haɗewa cikin mako biyu, amma jijiyar da ke riƙe da bangon ciki tana ɗaukar watanni kafin ƙarfinta ya dawo. Shi ya sa ake cewa aƙalla mako shida ba jan guga, ba ɗaukar dami, ba fartanya. Ga wanda aka yi wa aiki a watan Satumba, wannan ya faɗa daidai lokacin girbin gero da roron wake. Saurayi na zaune a inuwa yana kallon mahaifinsa na ɗora dami a ka, ga bashin asibiti a wuyan gida, ga abokai na tsokanar cewa ya zama ɗan hutu. Da yawa ba sa cika wa'adin. Bayan shekara sai ka ga wani ya koma asibiti da ƙullutu a kan tabon, yana fitowa in ya yi tari: ƙaba ce, kuma gyaranta wata tiyatar ce. Matan da aka yi wa aikin haihuwa su ma haka turmi da tulu ke yi musu. Garin da samari suka yi wa gidan gayya suka kwashe amfanin gona, sun ba da maganin da babu shi a kemis.

Akwai kuma abin da wuƙar likita ba ta taɓa ba. Wanda ya warke yana komawa ga rijiya ko kududdufin da ya ba shi cutar, ƙannensa ma daga nan suke sha. Yin taifot sau ɗaya ba ya hana a sake yi, kuma wasu kan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmama suna yaɗa ta ba tare da suna ciwo ba. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabuwar allurar rigakafi da ake yi sau ɗaya ga yaro daga wata shida; Laberiya da Zimbabuwe sun sa ta cikin rigakafin yara a 2021, Malawi a 2023. Kafin ta game ko'ina, abin da ke hannun ƙauye shi ne tafasa ruwan sha, rufe masai, nesanta shi da rijiya, wanke hannu da sabulu, da kai mai zazzaɓin da ya wuce kwana uku asibiti. Mutanen da suka iya haɗa kuɗin tiyata cikin dare ɗaya za su iya haɗa na gyaran famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace, in an nuna musu cewa matsalar ɗaya ce.