Kula da Fata: Kowace Iri da Bukatarta

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, domin faɗinta a jikin baligi ya kusa murabba'in mita 2. A cikinta akwai wasu 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙon da ke hana ruwan jiki ƙafewa. Yawan wannan maiƙo ko ƙarancinsa shi ke rarraba fata: akwai mai maiƙo, akwai busasshiya, akwai kuma ruwa-biyu, wadda goshi da hanci ke ƙyalli alhali kumatu na bushewa.

Matakai uku sun wadatar a kullum: wankewa, shafa mai, da kariya daga rana. Mai maiƙon fuska ya wanke ta safe da dare da sabulu marar kaifi, kada ya dirje ta, domin dirza tana tsananta ƙuraje. Mai busasshiyar fata ya guji ruwa mai zafi ƙwarai, ya shafa man kaɗanya ko basilin da zarar ya fito wanka. Dalili kuwa shi ne, mai ba ya kawo danshi, tsare wanda ya tarar yake yi. Wannan ne rigakafin kaushi da faso a lokacin hunturu. Mai ruwa-biyu kuwa ya taƙaita mai a kumatu.

Sinadarin melanin yana kare baƙar fata daga rana, amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Zabiya, wanda ba shi da isasshensa, lalle ne ya riƙa sa malafa da man kariya, domin gudun sankarar fata. Mayukan bilicin kuwa ba sa cikin tsarin: masu sitiroyid suna sirantar da fata, masu makuri kuma suna lalata ƙoda.